Ranar Jan Igiya

Igiya ta sake maƙalewa a murjani, duwatsun nan masu rassa da ke tsirowa a ƙasan teku, Torika ta ja numfashi ta nutsa.

Wurin ba zurfi, bai fi tsayin mutum biyu ba. Ta lalubo ganyen kwakwar da ya shige tsakanin rassan murjanin, ta zare shi a hankali yadda take koya wa baƙi, kada ko ɗan reshe ya karye, sannan ta juya ta leƙa cikin da'ira. Igiyar doguwa ce, an naɗe ta da ganyen kwakwa daga wannan baki har wancan, kuma garinmu kaf yana riƙe da ita, maza a wajen zurfi, mata a inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Tun hantsi ake ja ana matsowa. A daidai wannan lokaci ya kamata a ce cikin da'irar ya yi baƙi ƙirin da kifi, har mutum ya ji suna dukan ƙwaurinsa. Ita kuwa abin da ta gani bai wuce 'yan mitsi-mitsi masu launi ba, irin waɗanda Turawa ke ɗauka a hoto, waɗanda ko kyanwa ba za su ƙosar ba.

Ta taso ta furzar da ruwan da ya shiga bututun numfashinta.

Tsoho Eroni, jagoran jan igiya, yana tsaye a kan kwalekwale da doguwar sandarsa. Da yake daga tsibiran Lau aka auro ta, sai ya ce, "Yaya, 'yar Lau? Sun taru?"

"Akwai dai, Momo." Haka muke kiran kawu a nan.

"Akwai dai! Ku ji min yarinya. Shekara da shekaru ba wanda ya jefa ko ƙugiya a ruwan nan, ki ce min akwai dai? Goge gilashin nan naki ki sake dubawa." Ya ɗaga sanda ya daka tsawa, "Ku ja! Mata, ina ganinku, hira kuke yi!"

Aka kwashe da dariya, aka ja.

Ta wani fannin yana da gaskiya. Tun ranar da Ratu, mai garinmu, ya sa aka kafa sandar tabu, alamar haramci, a bakin murjanin nan, aka hana kowa taɓa shi. Ba taru, ba mashi, ba ƙugiya, ko ƙaguwa yaro bai isa ya ɗauka ba. Kallo kaɗai aka yarda da shi, shi ma baƙin masaukin 'yan yawon buɗe ido ne ke yi, Torika ce ke ɗaura musu tulun iska a baya ta shiga da su ƙasa. Yaran da aka haifa a shekarar da aka rufe wurin yanzu suna zuwa makaranta. Mun haƙura da kifin gwangwani da ganyen rogo, muna lasar baki, muna cewa ranar da aka buɗe sai an nemo masu taya mu ɗauka. To, ga ranar ta zo. An gama sabuwar majami'a, an gayyato garuruwa, an haƙa ramukan gasa abinci, duwatsu sun yi jawur, gwaza da rogo sun yi tsibi. Kifi kaɗai ake jira.

Kuma kowa ya san dokar jan igiya, ko ɗan yaye ya sani: mace mai ciki ba ta taɓa igiya, ba ta shiga ruwan. Wadda aka san da nata ta zauna a gida, ba laifi. Wadda ta ɓoye ta shiga kuwa, kifi yana jin ta, sai ya sulale ta ƙarƙashin ganye ya bar mutane da igiya a hannu.

Torika tana da ciki. Daga ita, sai mijinta Waisake, sai nas ɗin da ke duba mata, ba wanda ya sani.

Ba rashin kunya ya sa ta ɓoye ba. Sau uku tana samu yana zubewa, kuma kowane karo surukarta, Nei Makelesi, ita ce ke fara shelanta shi a gari da guɗa, ita ce kuma ke bin gida-gida daga baya tana cewa macen da ke wuni a ƙarƙashin teku kamar kunkuru ina za ta iya riƙe ɗa. Wannan karon Torika ta rantse ba mai ji sai ciki ya fito ya faɗi kansa. Nas ta ce mata ba nutso da tulu, ba ɗaukar kaya, ba aikin wahala. Sai ta ce wa uwar ɗakinta a masauki kunne ke damunta, ta koma zagayawa da baƙi a saman ruwa, da gilashi da bututu kawai. Yau ma niyyarta ta kwanta ta ce zazzaɓi. Waisake ne ya zo ya tsaya a kanta da safe.

"Tashi mana. In ba ki fito ba, kafin rana ta take tsohuwa ta gane komai. Kuma wa zai duba igiya a ƙasa in ba ke ba?"

"Ai ka ji abin da nas ta ce."

"Cewa ta yi kada ki ɗauki tulu. Wa ya ce ki ɗauki tulu? Iyo ne kawai. Ko ke ma kin yarda kifi yana gane ciki? Ke da kika yi makaranta?"

Har shayi ya haɗa mata ya kawo bakin gado, abin da rabonsa da yi tun suna amarci. Ta sha, ta ji daɗi a ranta, ta tashi.

Ita ba wannan dokar ce ke damunta ba, don ta san inda kifin ya tafi. Waisake shi ne mai gadin tabu, shi aka ba jirgi mai inji da usur ya riƙa kewaya wurin. Ita kuwa kullum tana ƙasa, ta san manyan kifayen nan kamar yadda kowa ya san maƙwabtansa. Akwai wani ƙato mai ƙululu a goshi, kore shar, ya saba da ita har yakan zo ya leƙa cikin gilashinta, baƙi su yi ta murna. Bara ta neme shi ta rasa. Sai na kogon kudu suka fara raguwa. Tulunan da ta cika da yamma, da safe ta tarar da wasu ba iska. Rannan ta tsinci ɓawon kifi kore a ƙasan jirgin mijinta, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Ta nuna masa. Ko gezau bai yi ba, ya ce, "Makullin ɗakin tuluna a hannun wa yake, ni ko ke?" Daga ranar ta ja bakinta ta yi shiru.

Ruwa ya fara janyewa, igiya ta yi nauyi a ɓangaren mata. Nei Makelesi ta hango Torika tana lilo a saman ruwa.

"Ke, matar teku! Zo ki kama mana. Mu tsofaffi muna ja har ƙugunmu na ƙara, ke kina shawagi kamar wata Baturiya."

"Momo ya ce in riƙa duba ƙasa, Nei."

"Ƙasan ba ya guduwa. Zo nan!"

Ta zo ta kama. Wanda bai taɓa jan igiyar nan ba ba zai gane ba: ganye ya sha ruwa, ruwa yana janta waje, ƙafa tana zamewa a kan dutse, ga tsoho Eroni yana ta ihu. Torika ta ja, ta sake ja. Can ta ji wani abu ya tsarga mata a ƙugu, ta saki hannu ɗaya ta dafe wurin. Matar da ke gefenta ta ce, "Lafiya?" Ta ce murjani ne ya karce ta.

Da rana ta karkata da'ira ta matse, maza suka shimfiɗa taru, aka yi shiru, kowa ya zuba ido. Tsoho Eroni ya ba da umarni aka ɗaga.

Wayyo, abin kunya! Abin da ya fito ko ƙasan kwalekwale ɗaya bai rufe ba. 'Yan ƙanana ne, sai wasu masu ƙaya da ko kare ba ya ci. Baƙin masauki da suka biyo mu da bututunsu suna kallo daga waje, su ba su san abin da ake ciki ba, suka hau tafi suna ɗaukar hoto. Taubasanmu na tsallaken ruwa kuwa, da aka gayyato musamman don su ga arzikinmu, suna jere a kan yashi, kuma ba su raga mana ba.

"Kai, sannunku da aiki! A kawo cokali a raba."

"Shi ke nan abin da kuka yi shekaru kuna kiwo? Da kun faɗa mana, da mun taho muku da gwangwani."

"Ku mayar da su mana, uwarsu na nemansu!"

Taubashi ba a yi masa fushi, sai dai a yi yaƙe. Muka yi yaƙen, amma ran kowa a ɓace yake. Ba a kai ga sauya kaya ba aka buga gangar itace, aka ce kowa ya hallara a zauren gari.

An shimfiɗa sababbin tabarmi saboda bikin majami'a. Ratu yana can sama, dattawa na gefensa, maza a tsakiya, mata a baya wajen ƙofa. Torika ta ɗaura zane a kan jiƙaƙƙun kayanta ta zauna kusa da surukarta. Ƙugun bai daina ba. Yana zuwa yana tafiya, kuma ta san irin wannan zuwa da tafiyar.

Tsoho Eroni ya ce shi dai tun yana saurayi yake jan igiya, bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma ba daga hannunsa ba ne. Wani ya ce wataƙila zafin ruwa ne. Wani ya ce injin jiragen baƙi ne. Sai Rusiate, mai jirgin da ke kai kaya Suva, babban birninmu, ya tafa hannu ya nemi izini.

"Ratu, a gafarce ni. Ni ba na zargin kowa. Amma ina shiga kasuwar Suva, kuma Allah ya ba ni ido. Akwai kifin da in ka gan shi a kan tebur ka san ba a buɗaɗɗen ruwa aka kamo shi ba. Muna da mai gadi, ga shi nan zaune. A tambaye shi me yake gadi duk shekarun nan."

Zaure ya ɗauki gunaguni. Maza suka fara juyowa. Wani daga baya ya ce, "Sabon rufin kwanon gidansa ma a tambaya." Torika ta dubi ƙeyar mijinta. Duk abin da ya yi, tausayinsa ta ji, don ta san abin da garin nan ke yi wa wanda ya ci tabu.

Waisake ya rarrafa gaba a kan gwiwoyinsa, ya sunkuyar da kai, ya tafa.

"Ratu, dattawa, na so in rufa wa gidana asiri. Amma ba zan zauna ina kallo gari ya rabu a kan zato ba. Laifin daga ɗakina yake." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Matata tana da ciki. Ta ɓoye. Da safe na ce ta zauna, na roƙe ta, ta ce ita ta yi makaranta, ba ta yarda da maganar tsofaffi ba. Na kasa hana ta. A hukunta ni, ni ne ban iya riƙe gidana ba."

Kawunan zauren nan gaba ɗaya suka juyo ƙofa.

Torika ta ji kamar an zare mata bututu a ƙarƙashin ruwa. Sai yanzu ta gane tsayuwar da ya yi a kanta da safe, ta gane shayin. Ya daɗe da sanin tarun nan zai fito wayam, ya kuma daɗe da sanin wa zai miƙa musu.

Tsoho Eroni ya buga cinya. "Shi ya sa! Na tambaye ta, ta ce min akwai dai. Ashe ta san abin da ta aikata. Kuma ita muka sa a tsakiyar da'ira, a kan kifin!"

"Ta ma kama igiya," in ji matar da ke gefenta a ruwa. "Na ga tana dafe ƙugu, na ce lafiya, ta yi min ƙarya."

Torika ta yunƙura. "Ratu, ina da..."

"Shshsh!" Mata suka taso mata. Nei Makelesi ta danna mata farce a cinya. "Rufe min baki. A Lau ɗinku ne mace ke magana a zaure? Mijinki ya gama magana."

Haka dokar take, kuma ba yau aka fara ba. Matar da aka auro daga wani tsibiri bakinta a zaure mijinta ne. Ratu ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya dube ta daga can sama, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya.

"'Yata, abu ɗaya zan tambaye ki, ki amsa da i ko a'a. Kina da ciki?"

Da ta ce a'a, da magana ta koma kan Waisake, Rusiate yana nan yana jira. Ta sani sarai. Ta buɗe baki, amma ina! Ɗan da ta yi shekaru tana roƙo, wanda ko a yanzu take jin yana neman kuɓuce mata, ta tashi a gaban gari ta ce babu shi? Tsoro ya kama ta, kada ya ji ya tafi.

"I, Ratu."

Shi ke nan. Zaure ya sauke ajiyar zuciya, har wasu suka fara murmushi. Mutane sun fi son laifin da suka san sunansa, kuma wannan ba sai an je Suva bincike ba. Wata tsohuwa ta ce tun makon jiya ta ga wuyan yarinyar yana bugawa. Wata ta ce 'yan Lau dama haka suke, zurfin ciki. Rusiate ya sake tafa hannu yana neman izini, wani dattijo ya ce masa, "Haba, kai kuma, ba ka ji da kunnenka ba?"

Aka ce a yi ban haƙuri. A al'ada sai an aika gida a nemo saiwar yangona, wadda ake dakawa a dama a sha a zaure, a wanke, a ɗaure, a ɗauki lokaci. Waisake ya fita, kafin a gyara zama ya dawo da dami a hannu, an naɗe shi tsaf da takarda da zare, saiwa mai kyau, tsohuwa, irin wadda ake tanada. Torika ta kafa wa damin ido. Ba ta taɓa ganinsa a gidansu ba.

Aka matso da ita gaba kaɗan, ta durƙusa a bayansa kai a ƙasa, shi kuma ya ɗora hannu a kan damin ya fara. Gaskiya Waisake ya iya baki. Ya ambaci kakanni, ya ambaci haƙurin da gari ya yi, ya ambaci yaran da suka girma ba su san ɗanɗanon kifin murjaninsu ba. Ya ce an ci amanar Ratu, an ci amanar ruwa, an kunyata gari a gaban baƙi, kuma wanda ya yi haka bai cancanci a kalle shi ba. Muryarsa ta karye, hawaye suka zubo, na gaske. Mata a baya suna sharɓar hawaye. Kowace kalma da ya faɗa gaskiya ce, sunan mai laifin kawai ya sauya.

Mai magana da yawun Ratu ya karɓi damin, aka tafa. Aka daka, aka dama, aka tace a babban akushi. Kuma kowa ya san ma'anar ƙoƙon nan: da zarar Ratu ya sha, an binne maganar. Wanda ya sake tono ta, ko a zaure ko a gindin bishiya, ba da mai laifi yake faɗa ba, da Ratu yake. Torika ta ɗago kai kaɗan, ta ga an miƙa ƙoƙo, ta ga maƙogwaron Ratu yana motsi. Aka tafa. Ƙoƙo ya zagaya har kan Rusiate. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallon cikinsa, sannan ya kafa kai ya shanye.

Ratu ya ce an yafe. Ya ce gobe a mayar da sandar tabu, a sake rufe murjanin har sai kifi ya huce. Ya ce mutumin da ya iya tona asirin ɗakinsa don gari ya zauna lafiya, shi ya dace da gadi, saboda haka Waisake ya ci gaba. Ya ce a yanka aladu biyu, kada taubasai su koma gida da labarin yunwa. Zaure ya yi daɗi, aka fara raha, maza suna bubbuga kafaɗar Waisake suna yi masa barka da samun ƙaruwa.

Torika ta ja jiki ta koma wajen ƙofa ta zauna. Nei Makelesi ta ɗora mata hannu a mara, a gaban kowa, ta ɗaga murya don mata su ji.

"Jikana ne a nan, kika kai shi cikin ruwan tabu kina wasa da shi. To, gari shaida ne. In wannan ma ya bi sahun 'yan'uwansa, kada wanda ya kalli ɗana." Ta janye hannun ta miƙe tana gyara zane. "Tashi mu je ki fere gwaza. Kin hana mu kifi, ba za ki zauna a dafa miki ba."

Mata suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Torika ta dafa tabarma za ta tashi, ciwon ya murɗe ta tun daga baya har cinya, sai ta ji danshi a ƙarƙashinta. Kayanta dama a jiƙe suke, amma ruwan teku ya daɗe da yin sanyi, wannan kuwa da ɗumi. Tabarmar sabuwa ce, fara tas, kuma zaure cike yake da maza.

"Ke, ba da ke nake ba?" in ji Nei Makelesi daga bakin ƙofa.

"Ina zuwa, Nei."

Ta jawo bakin zanenta ta baza shi a kewaye da ita, ta haɗa gwiwoyinta, ta ci gaba da zama. Can gaba an zo kan Waisake. Ya tafa, ya karɓi ƙoƙo da hannu biyu, ya shanye.